Hular Ɗan Fari

Shekara talatin ina ɗinkin hula a Ƙofar Guga, kuma ba yabon kai ba, duk wanda ya ɗora aikina a kansa sai an tsayar da shi a hanya an tambaye shi. Ana nan sai ido ya fara yi mini gardama. Na soma da siririn tabarau, na ƙare da wani mai kauri kamar gindin kwalba. Hular ƙarshe da na iya gamawa ita ce ta ɗan farina, wanda ba na faɗin sunansa, ba na ma tsayawa kallonsa, saboda kunya irin tamu. Daga ita allura ta gagare ni. Shekara biyu kwandon zarena yana rataye, abin yana cin raina.

Autata ce ta ja ni asibiti. Likita ya duba ya ce yanar ido ce. Za su cire ta, su saka wani ɗan mitsitsin gilashi a cikin idon, ya zauna nan har abada. Ya ce za a daidaita idon hagu da kusa, na dama da nesa, ta haka zan rage dogaro da tabarau. Na ce, "Likita, ni dai kafar allura nika son gani." Ya yi dariya, ya ce da na hagun za a fara ke nan, amma ƙila aiki mai ƙanana sosai ya nemi ɗan tabarau mara nauyi. Ya ci gaba da bayani, ni kuwa hankalina yana can wurin wuƙa.

Ashe aikin ko zafi babu. Washegari aka cire bandeji, haske ya kashe mini ido, hawaye sai zuba yake. Suka maƙala mini baƙin gilashi don hanya. Ina shiga gida na tuɓe shi, ni ba makaɗin biki ba, na lalubo tsohon tabarauna na saka.

Innalillahi! Komai ya dagule. Ko tafin hannuna na duba sai dishi-dishi, gara ma jiya. Na zauna bakin gado na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido. Ban gaya wa kowa ba. Yini guda na yi ina tsine wa karambanina a zuci.

Da la'asar na ɗauki buta. Likita ya hana ruwa shiga idon, don haka na zare tabarau a hankali zan shafa fuska. Sai ga tururuwa tana tafiya a hannun butar. Ƙafafunta na gani! Na dubi tafina, ga zanen nan ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da tabarau, duhu. Na cire, tas! Ban san sanda na rangaɗa guɗa ba.

Auta ta fito a guje. "Inna, mi ya faru?"

"Ɗauko mini kwandon zare!"

Ta ga tabarau a hannuna ta riƙe baki. "Kar dai shi kika saka? Ai likita ya ce wanga ya gama aiki, ba ki ji ba?"

Na ce ta bar ni da surutu. Na lashi bakin zare, na ɗaga allura. Karo na farko zaren ya kauce. Na biyu ya wuce sumul. Na zare na sake, na zare na sake, ina dariya kamar wadda aka yi wa albishirin Makka. Sai da auta ta tuna mini ban yi sallah ba.

Da yamma ɗan farin ya zo duba ni daga wurin aiki. Ya durƙusa dab da ni yana gaisuwa, ni kuma doki ya sa na manta da kawar da kai. Na ga furfura a gemunsa, ban san yaushe ta fito ba. Sannan idona ya hau kan hular.

Inda na zaci baƙin zare na sa, shuɗi ne. Wani wurin kore ya kutsa cikin ruwan ƙasa. Zanen ya karkace, ɗinkin ya hau kan juna, ko 'yar koyo ba za ta yarda a ce nata ba ne. Da wannan yake zuwa ofis, da Juma'a, da ɗaurin aure, shekara biyu cur.

Na juya ga auta. "Ke, ce ma wancan shi ciro hular nan in warware ta."

Ya dafe ta da hannu, kansa a ƙasa. "Inna, ki yi mini sabuwa, zan sa. Amma wagga ba a taɓa ta. Ina nan sanda kike laluben ta."

Na ce maganin ɗigawa ne yake sa ni hawaye. Ba wanda ya musa. Na jawo kwandon zare, na zaɓi baƙi na ainihi, kuma da sunan auna girman kai na ƙare wa ɗana kallo son raina.