Waƙar da ta biyo ni har bakin jigo

Shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare, duniya ta shirya, ni da yayana ba mu shirya ba. Ya tafi soja ya bar ni da lambun albasar da muka gada a bakin gulbi, kusa da Wurno. Shekara huɗu ni ke jan jigo, ni ke bin fangali ina buɗe wa ruwa hanya, aikin mutum biyu. Da ya dawo da manyan takalmansa ya ce a raba, sai na raba. Na ja layi da fartanya ta yadda jigon ya faɗo wajena, na kuma daina yi masa magana. Shi da tulu yake ɗauko ruwa daga gulbi. Ina kallonsa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji.

Innarmu ba ta raba nata ba. A akushi ɗaya take zuba mana tuwo tun muna yara, haka ta ci gaba. Wanda ya riga zuwa ya ci rabi ya tashi. Ta tsufa ƙwarai, kullum sai ta ce, "Ban son in mutu ban ga hannuwanku cikin akushi guda ba." Ni kuwa in ce mata to, in riga shi zuwa.

Ran nan, bayan shekara biyu, na je kasuwar Goronyo, na tarar an kewaye wani mai kukuma da 'yan amshinsa biyu. Waƙar zaman lafiyar duniya yake yi, wadda a lokacin har 'yan mata masu daka sun iya ta. Amshin gajere ne: "A aje makami, a ci tuwo."

Sai daga baya na gane dabarar mutumin. Da nesa ya fara. Ya ce Turawa da Jamus sun kashe juna har sun gaji, yau ga su a akushi ɗaya. Wa zai ƙi Jamus su ci tuwo? Duk muka amsa, ni na fi kowa ɗaga murya, don ba ni da komai a ƙasar Jamus. Ya matso, ya ce manomi da makiyayi. Muka amsa. Ya ce masuntan Rabah da na Wurno, masu faɗa kan wurin kamun kifi. Aka yi dariya aka amsa. Bai taɓa cewa wane ke da gaskiya ba, tambaya kawai yake yi: "Wanda ya ci yaƙi, mi ya kai gida?" Kafin a ankara ya shigo cikin gida: ciki ɗaya, nono ɗaya, gona biyu. Bakina ya riga ya saba. Na ji kaina ina amsawa kafin in yi shawara da zuciyata.

Haushi ya kama ni. Na kwance jakina, duk hanya ina gaya masa cewa maroƙi bai san wahalar jigo ba.

Washegari da safe ina jan jigo. Abin takaici, kiɗan waƙar daidai yake da saukar guga da hawansa. Ban san na fara rerawa ba sai da na kai wurin Turawa da akushi. Yayana ya ajiye tulunsa a ƙetaren layi.

"Maroƙin nan ƙarya shikai," in ji shi. "Na ga Turawa suna cin abinci. Kowa da farantinai."

Maganarsa ta farko ke nan gare ni cikin shekara biyu. Sai na ce, "To amshin fa, Yaya?"

"Amshin ba laihi."

Na ci gaba da ja. Ruwan ya bi hanyarsa har ya kai layin da na ja, ya tsaya ya taru. Na dubi gefe. Na ji ƙarar fartanyarsa sau biyu, ruwan ya wuce.

Da la'asar muka zauna gaban akushin. Babu wanda ya ba wani haƙuri, a lokacin ko bayan haka. Inna ta jawo tabarma ta zauna daga nesa, tana kallon hannuwanmu har muka suɗe. Abin da ta ce kawai shi ne miyar ta yi gishiri.

Albasar shekarar ba ta isa cira ba Inna ta rasu.