Kwandon Magen Hajiya

A gidanmu na Mandawari ba a taɓa rasa mage ba, saboda littattafan da mahaifinmu ya bari a ɗakin soro, kada ɓeraye su cinye su. Amma wadda ta fi zauna mini a rai wata fara ce mai ɗigon baƙi a goshi, kuma ta Hajiya ce, mahaifiyata. Duk inda Hajiya ta shimfiɗa tabarma, nan za ta zo ta naɗe a gefen zanenta. Ni kuwa iyakarta da ni ta ɗaga kai ta dube ni in na dawo daga makarantar da nake koyarwa.

Wata damina sai ta fara kaɗa kai tana sosa kunne da ƙafar baya, har wurin ya yi jini. Hajiya ta shafa mata man kaɗanya, ta gwada man zaitun, ba sauƙi. Ran nan ta ce da ni, "Babana, ka kai ta wurin likitan dabbobi. Ba na iya kallonta a haka." Babana take kirana don sunan mahaifinta aka sa mini.

Yadda na ga ana yi da kaji, haka na yi. Na samo buhun shinkafa na huhhuda shi, na bi ta da gudu a tsakar gida har na rutsa ta a bayan randa. Kafin in ɗaure bakin buhun ta yakushe mini hannu wuri uku. Adaidaita sahu ba ya shiga lungunmu, don haka a ƙafa na fito titi, na bi ta gaban injin markaɗe yana ta ruri, buhu na ta mutsu-mutsu a kafaɗata. Da na hau, direban ya waiwayo ya ce, "Malam, me ke cikin buhun nan?"

Na ce, "Mage ce."

Ya ce, "To don Allah riƙe ta da kyau, kada ta fito mu faɗa kwata."

Da rana tsaka muka isa, asibitin cike da mutane da raguna, ga wani ƙaton kare yana ta haushi. Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau, mai magana a hankali. Da ta kwance buhun muka tarar magen ta jiƙe da fitsarinta, baki buɗe tana haki. Likitar ba ta taɓa ta ba. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta kashe fanka, ta dawo ta zauna, ta bar magen ta huce kusan minti goma.

Sannan ta ce, "Malam, ciwon kunnen ƙarami ne, wasu 'yan ƙwari ne suka shiga. Tsoron da ta sha yau ya fi ciwon. Za ka dawo da ita bayan sati biyu, amma ba a buhu ba."

Na ji kunya. Na ce, "To a me zan kawo ta, likita?"

Ta ce in nemi kwando mai murfi, in ajiye shi a buɗe inda magen ta saba kwana, har ta ɗauke shi ɗakinta. Ta tambaye ni wa magen ta fi shaƙuwa da shi. Na ce mahaifiyata. Ta ce to a shimfiɗa tsohon zanenta a ciki, wanda ba a wanke ba. Kuma mu zo da sassafe, kafin masu karnuka.

Da muka koma gida magen ta shige ƙarƙashin gado, kwana biyu ba ta fito ba, ko madara ba ta lasa. Sai Hajiya ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo ta jawo ta a ɗiga mata maganin da likitar ta bayar. Ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai, "Amana ta ba mu, muka sa ta a buhu." Na fi son a ce ta yi faɗan.

Washegari na je kasuwa na sayo kwandon kaba mai murfi. Hajiya ta ciro wani zane da ya koɗe ta shimfiɗa a ciki, ta ajiye shi gefen tabarmarta, ta sa guntun busasshen kifi a bakinsa. Ranar farko magen ta zagaye shi daga nesa. Rana ta uku ta ɗauke kifin ta gudu. Hajiya ta riƙa matsar da kifin ciki kaɗan-kaɗan, ba ta kallon wurin, kamar ba ruwanta. Kafin sati ya cika, na dawo daga makaranta na tarar da magen tana sharar barci a ciki, Hajiya ta ɗora yatsa a leɓe kada in yi magana.

Daga nan kullum da yamma sai in rufe murfin, in ɗauki kwandon in zaga tsakar gida, in kai soro in dawo, in buɗe a ba ta kifi. Wani maƙwabcinmu ya gan ni ya ce, "Malam, talla ka fara?" Na ce masa gwaji nake yi.

Ranar komawa Asabar ce. Ina shirin fita wajen ƙarfe bakwai sai na ga Hajiya ta sako hijabi da takalmi. Ta yi watanni ba ta fita ba saboda ƙafa.

Na ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Ta ce, "Tare za mu. Muryata ta sani, ba taka ba."

Muka lulluɓe kwandon da mayafi, muka bi ta wani lungun don mu kauce wa injin markaɗe. Na roƙi mai adaidaita ya kashe waƙa ya tafi a sannu, ya kuwa yi. Hajiya ta ɗora kwandon a cinya, ta zura yatsu biyu ta ƙarƙashin murfin, tana yi wa magen hira ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi mata in tana tsince shinkafa. Sau biyu kawai na ji kukanta, shi ma ba mai ƙarfi ba.

Mu muka fara isa. Likitar ta gaida Hajiya har da rusunawa. Ba ta fito da magen ba, murfin kawai ta cire, ta duba kunnen a nan cikin kwandon, hannun Hajiya na kan bayanta. Ta ce kunne ya warke. Ta yi mata allurar rigakafi, magen ta ɗan zabura, ta koma ta kwanta.

Da muka fito Hajiya ta tsaya tana kallon titi, ta ce, "Tunda dai na fito, kai ni Dala in ga ƙanwata."

Na ce, "Da magen?"

Ta ce, "Ai ita ma ba ta taɓa zuwa ba."

Haka muka wuni a can. Aka dama mana kunun gyaɗa, su biyu suka baje a tabarma suna hirar mutanen da ban sani ba, suna dariya har da hawaye. Magen ta fito ta shinshina ƙofar kicin, ta sha ruwa, ta koma kwandonta. Sai bayan la'asar muka kamo hanyar gida.