Ƙanƙara Leda Uku

A garinmu, duk wanda ya yi firamare cikin shekara talatin da ɗaya da Ozella Crumpton ta riƙe kicin ɗin makaranta ya ci daga hannunta, kuma ya ji tsoronta. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, ba ta rabuwa da ma'aunin zafi a aljihun riga. Ba ta yarda da hanci ba, ba ta yarda da ido ba. Ƙa'idarta ɗaya ce: ɗanyen nama ya zauna ƙasa da digiri arba'in a ma'aunin ƙasarmu, wato sanyin firiji, in ya haura ya kwashe awa biyu, to ya zama na bola. Ta taɓa zubar da kaji tire goma sha biyu a gaban hedimasta saboda firiji ya mutu da rana tsaka. Mutumin yana ta kame-kame, ita ko a jikinta. A duk shekarun nan ba yaron da ya taɓa kwanciya saboda abincinta, kuma wannan ya fi mata lambar yabon da aka rataya mata ranar ritaya.

In watan Nuwamba ya kama, wayarta ba ta hutawa. Matan da suka yi jikoki sai ka ji suna tambayarta kamar 'yan aji ɗaya, yaushe za su fitar da talotalon Bikin Godiya, idin da iyali ke haɗuwa su ci ranar Alhamis a ƙarshen watan, daga firiza. Amsarta ba ta canzawa: kwana ɗaya a firiji ga kowace laba biyar. Wanda ya makara ya nutsa shi a ruwan sanyi, yana canza ruwan duk rabin awa. Wanda kuma ya bar shi a kan teburin kicin ya kwana, kada ya ƙara kiran lambarta. Sirrin nata talotalon ruwan gishiri ne. Takan tafasa gishiri da sukari da tafarnuwa da masoro da ɓawon lemo, ta bari ya huce, ta jiƙa tsuntsun a ciki tun ranar Laraba. Mijinta Lemuel, kafin ya rasu, yakan ce don naman nan kaɗai ya haƙura da bakinta shekara arba'in da huɗu.

Tana da shekara saba'in da takwas abin ya fara. Mukullin mota a gwangwanin sukari, sunan mai wa'azin cocinsu ya ɓace mata a bakin ƙofar coci. Duk wannan ta ɓoye. Wanda bai ɓoyu ba shi ne na watan Satumba, ranar da ta ɗora wake ta fita shanya, ta zarce hira, sai da maƙwabta suka ga hayaƙi ta taga. 'Yarta Renita ta taso daga Atlanta a ranar, ta zo da wata takarda mai sheƙi ta gidan tsofaffi, da hoton wasu dattawa suna dariya a gindin bishiya. Ozella ta tambayi abu ɗaya kawai: ko ɗakunan suna da murhu. Ba su da shi.

Ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta nemi sulhu. Ta ce su zo Bikin Godiya su duka, ita kaɗai za ta yi girkin, ba mai sa mata hannu. In tebur ya cika yadda ya saba, a bar ta a gidan da Lemuel ya kafa wa baranda da hannunsa, kuma kada a sake kawo mata takarda. Renita ta ce to ta waya. Ozella ta ajiye wayar, ta san abin da ta jingina a kan tsuntsu guda.

Ba ta taɓa shirya wa girki kamar na bana ba. Ta cika ƙofar firiji da takardu, kowace rana da tata, in ta yi abu ta soke shi da biro. Ranar Asabar ta fitar da talotalo mai laba goma sha takwas ta sa a ƙasan firiji cikin tire. Sau biyar, sau shida a wuni tana buɗewa ta tabbatar yana nan, kuma ba mafarki ta yi ba. Addu'arta ma ta gajarce, ta koma roƙon Ubangiji ya ara mata kanta zuwa ranar Alhamis, bayan nan ya yi yadda ya so.

Ranar Laraba tsuntsu ya saki sarai, ba sauran ƙanƙara a cikinsa. Firiji kuwa ya cika da dankali da ganye da ƙullun burodin masara, ba inda tukunyar jiƙo za ta shiga. Wannan ba sabon abu ba ne. Kowace shekara a babbar kula take jiƙawa a baranda, ta danne da ƙanƙara leda uku, da safe ma'auni ya nuna talatin da biyar. Ta tafasa ruwan gishirinta, ya huce, ta shiga mota ta sayo ƙanƙarar da misalin ƙarfe biyu. Ta dawo ta nutsa talotalo, ta rufe kula, ta je ta soke layi a takarda. Shekarar nan sanyi ya ƙi sauka, mutane na yawo da riga mai gajeren hannu a ƙarshen Nuwamba.

Da gari ya waye ta buɗe kula ba ta ga ko ƙwayar ƙanƙara ba. Ta ce wa kanta ai narkewa ta yi. Ta tsoma ma'auni, ya nuna sittin da huɗu. Ta girgiza shi, ta sake tsomawa, ya sake nuna sittin da huɗu. Ta ɗauko tsohon na makaranta daga cikin durowa, shi ma bakinsu ɗaya. Sai ta ɗauki mukulli da niyyar ƙaro ƙanƙara, duk da ta fi kowa sanin bakin alƙalami ya bushe. Tana buɗe but ɗin mota ta tarar da ledoji uku kwance a ɗaure, cike da ruwa mai ɗumi.

Ta daɗe tsaye a wurin. Abin da ya tsinka mata zuciya bai tsaya ga mantuwar ba. Ta tuna ta zuba ƙanƙarar. Ta tuna ta yaga leda da haƙori, ta tuna ƙarar zubowarta da sanyin da ya kama mata yatsu. Har yanzu da take kallon ledojin, ƙarar tana kunnenta.

A haka maƙwabciyarta Verdell Hatch ta same ta. Verdell doguwa ce siririya, shekara arba'in suna katanga ɗaya, kuma a duk garin ita kaɗai ke iya gaya wa Ozella magana ta kwana lafiya. Girki kuwa, ko ruwan shayi sai ta ƙona. Ta leƙa but, ta leƙa kula, ta shinshina, ta ce ita ƙamshi kawai take ji.

"Ke 'yar'uwa, gasa abinki," in ji ta. "Wuta ba ta barin komai. Kakanninmu a rana suke rataye nama, ga mu nan mun tsufa har mun gundure mutane."

Ozella ta ce akwai dafin da ƙwayar cuta ke bari a nama wanda wuta ba ta kashewa, kuma awa goma sha shida ba awa biyu ba ce. Verdell ta ce lallai wanzami ba ya son jarfa, yau ga mai zubar da kajin mutane tana tsaye kan nata tana lissafi. Sai ta ga fuskar ƙawarta, ta bar wasan.

Abin kunya ne a faɗa, amma sai da Ozella ta gwada. Ta ciro tsuntsun ta tsane shi da tawul, ta shafe shi da man shanu, ta ɗaure ƙafafun, ta kunna tanderu. Fatarsa ta yi kyau, ya cika ya yi ɓul-ɓul, bai taɓa jiƙuwa da kyau kamar na bana ba. Ba mai ganewa. Wataƙila ma ba abin da zai sami kowa, sau nawa mutane ke yin abin da ya fi wannan su tashi garau? Ta tura tiren ciki ta rufe, ta tsaya riƙe da marfin. A teburin nan jikarta Kiana za ta zauna da cikin wata bakwai, kuma ita ce kullum ke neman ƙari. Ozella ba ta kai minti biyar ba ta kashe wutar. Ta jawo tiren, ta juye talotalon a baƙar leda, ta ƙulle, ta ja shi har bola da kanta, tana kuka kamar an yi mata mutuwa.

Verdell ta biyo ta da wata dabarar. Ta ce a ɗora wa kare. Akwai wani jan kare marar gida da ke yawo a layin, a ce shi ya ture kula da asuba, ita kuma za ta rantse ta gani da idonta. Tana da cinyar alade a firijinta, a gasa, tebur ya cika, magana ta mutu. Ledojin kuma a fasa su a gindin fure.

"Kare ba ya zuwa kotu ya kare kansa," in ji Verdell. "Ki ceci gidanki, Ozella. In suka kai ki can, da wa zan yi faɗa?"

Ozella ta karɓa hannu bibbiyu. Suka gasa cinyar, suka dafa ganye, burodin masara ya tashi, gida ya ɗau ƙamshi. Tana aiki tana maimaita labarin kare a ranta, har ta ƙara masa gishiri: ta ji motsi, ta fito da tsintsiya, ta ga wutsiyarsa yana tsallake shinge. Sau uku ta maimaita, a na huɗu sai ta ga karen sosai, da jan gashinsa da kunnensa ɗaya a karye, yana jan tsuntsun a kan katakon baranda. Ta ajiye cokali. Ƙaryar da suka ƙirƙira awa ɗaya da ta wuce ta zauna mata a kai daram, daidai da yadda ƙarar ƙanƙara ta zauna, ba ta iya bambance su. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ce wa Verdell kada ta taɓa ledojin.

Ƙarfe goma sha ɗaya motar Renita ta tsaya. Kiana ta fito da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta rungume kakarta ta wuce ciki. Darnell, mijin Renita, ya tsaya yana ta 'yan dube-dube a bayan motarsu. Ozella ta kama hannun 'yarta ta kai ta wurin tata motar, ta buɗe but.

Ta faɗa mata komai a tsaye, ba ta rage ba: awa nawa, digiri nawa, da minti biyar ɗin da tsuntsun ya yi a tanderu. Har labarin kare ta faɗa.

"Mama, talotalo ne fa kawai," in ji Renita a hankali.

"Ba shi nake gaya miki ba. Na ji ƙarar zubarta, Renita. Da za a ba ni Littafi Mai Tsarki in dafa, da na rantse na zuba. To in kaina zai iya yi mini wannan, me kuma ya gaya mini na yi?"

Renita ta ɗaga kai. Idonta ya ciko, amma ba mamaki a fuskarta, kuma ba ledojin take kallo ba. Ozella ta bi inda take kallo. Darnell ne ya taho rungume da wani babban tire a lulluɓe, yana tafiya a hankali don kada romo ya zuba. Da ya ga surukarsa ta gan shi sai ya tsaya cak a tsakiyar ciyawa, ya rasa gaba zai yi ko baya. Ƙafar talotalo gasasshe ta leƙo ta gefen lulluɓin.

Renita ta fara cewa don ko-ta-kwana ne kawai, da a mota za su bar shi in ba a buƙata. Ozella ta ɗaga mata hannu.

"Laba nawa?"

"Ashirin, Mama."

"Yaushe kika fitar da shi daga firiza?"

"Ranar Asabar. A ƙasan firiji, cikin tire."

Ozella ta lissafa da yatsu, ta ga yarinyar ba ta yi kuskuren ko kwana ɗaya ba. Ranar Asabar ɗin da ita take nan tana liƙa takardu tana roƙon Ubangiji, 'yarta tana can ta riga ta san yadda za ta kaya. Ta so ta ji haushi, ta lalubo, ba ta samu ba.

Ta rufe but, ta hau baranda, ta buɗe ƙofar gidanta ta riƙe wa Darnell.

"Shigo da shi, ɗana, kada ya huce," in ji ta. "Renita, in an gama cin abinci ki ɗauko takardar nan. Na san tana jakarki."