Baƙin Man Da Na Tace Da Ɗankwali

A lokacin da abin nan ya faru shekarata shida da aure, 'ya'yana biyu, muna zaune a gidan su maigidana a Liman Abaji, nan cikin Keffi. Daga sakandare ban ci gaba ba, na zauna kula da gida, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon da ake yi mini na tattali. Ni ce wadda ba ta zubar da komai. Man da na soya ƙosai da shi sai in bari ya huce, in tace shi da ƙyalle, ya dawo garau in sake suya. Maigidana yana aiki a Abuja, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka yawancin kwanaki daga ni sai yara sai mahaifinsa, Baba, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Baba bai taɓa kirana da sunana ba, 'yata yake ce mini, kuma haka ya riƙe ni.

Baba yana da wata tsohuwar mota, irin ƙaramar nan mai doro da muke kira kunkuru, wadda injinta yake a baya, ba a zuba mata ruwa, iska ce ke sanyaya ta. Ya saye ta tun kafin a haifi maigidana. Mutum ɗaya ne tal yake taɓa injin, wani dattijon makaniki Ba'egone, wato ɗan ƙabilar Egon, Kirista, mai gareji a Gangaren Tudu. Baba yana kiransa Likita, mu kuma mu ce Baba Likita. Duk bayan wata uku yakan zo gida ya yi mata juyen mai a ƙarƙashin rumfa. Yakan kwanta a kan kwali ya kwance wani faifan ƙarfe a ƙasan injin, ya ciro wata 'yar raga kamar rariyar shayi ya wanke ta tas da fetur. Na sha jin yana cewa wannan motar ba ta da filta mai tace mai irin ta motocin yanzu, ragar nan ita ce kaɗai mai gadinta, duk ranar da ta toshe inji ya tafi. Suna aiki suna tsokanar juna. Shi ya ce Malam ya tsufa ya bar motar, Baba ya ce ai ita da makanikinta tare za a kai su gidan tarihi. Da Sallah ni nake ware masa cinya, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da kaza.

Sai idon Baba ya matsa masa, aka ce sai an yi aiki, zai tafi Jos wajen 'yarsa ya yi watanni. Kafin ya tafi ya kira ni rumfa ya miƙa mini makulli, ba ɗansa ya ba ba, ni ya ba. Ya nuna mini yadda ake tayar da ita da safe, da yadda ake zaro sandar awo a duba mai. Ya ce tsohuwa ce, tana ɗiga, in na ga ya sauka in yi mata ciko daga sabon galan da ya ajiye a sito, sauran kuma in ba Likita in ya zo juye. Na ce to Baba, in sha Allahu.

Bai yi sati biyu da tafiya ba maƙwabciyata ta shigo tana share hawaye. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da injin niƙa, da shi take ci da su. Ta ce injin ya ƙone mai, an ce kada ta sake tayar da shi sai an zuba sabo, ga markaɗen mutane ya taru a ƙofarta. Zuciyata ta karye. Na shiga sito na ɗauko galan ɗin Baba na ba ta, ina jin kamar na yi aikin lada. Sai da ta fita na tuna cewa ba nawa ba ne. Ya kamata ranar Juma'a in gaya wa maigidana ya sayo wani, magana ta ƙare. Amma na ji nauyin a ce ni, mai tattali, na yi kyauta da kayan Baba ba da izininsa ba.

A bayan ɗaki akwai wata jarka da Baba yake tara tsohon man da aka juye, yana shafa wa katakon rumfa saboda gara. Murfinta ya fashe, ta sha ruwan damina. Na tsaya ina kallonta, na ce a raina ai mai mai ne, dauɗa ce kawai ta shiga, kuma na san maganin dauɗa. Na ɗauko wani tsohon ɗankwalina ruwan hoda, na ninka shi biyu a bakin mazurari, na tace man nan har sau uku, na bar shi ya kwana ya kwanta. Da safe na ga ya yi sulɓi a hannu, na yi bisimilla na zuba wa motar. Ta tashi lafiya lau, har na ji ina alfahari da kaina. Haka na yi ta yi, duk sati ciko, duk safiya in tayar da ita na minti biyar in kashe.

Ranar da Baba Likita ya zo juye da jakar spanoninsa, na san zai tambayi galan. Na gaishe shi daga bakin zaure, na ce masa Baba ya bugo waya ya ce a dakata sai ya dawo. Ya ce Malam bai taɓa ɗaga juye ba, amma tunda shi ya faɗa, shi ke nan. Ya sha ruwan da na kawo masa, ya sa mini albarka ya tafi. Wannan ƙaryar ita ce ta farko. Ta biyu kuwa ranar da Baba ya dawo ne, ido ya buɗe, yana ta murna. Ya tambaye ni ko Likita ya zo, na ce ya zo. Na lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba tunda ai ya zo ɗin, alhali na san abin da Baba yake tambaya.

Bayan kwana goma aka sa ɗaurin auren jikar wansa a wani ƙauye ta hanyar Akwanga, kuma Baba ne waliyyi. Ya sa babbar riga ya shiga motarsa, bai yi nisa da gari ba jar fitilar mai ta kama, inji ya yi ƙara ya buga. Kafin ya samu abin hawa an gaji da jira, wani ya ba da auren. Aka jawo motar gida da igiya. Washegari Baba Likita ya zo ya kwance faifan nan, ina laɓe a bayan ƙofar zaure. Abin da ya zubo ba mai ba ne, wata baƙar laka ce mai kauri kamar kwalta, ragar kuwa ta toshe ba ko ƙofa ɗaya. Baba ya duba da sabon idonsa, ya ce wannan ragar ta yi wata da watanni ba a wanke ta ba, an ce masa Likita ya zo, ashe zuwa ya yi ya shafa wa motar kai ya tafi. Ya ce shekara talatin yana ba shi amana. Baba Likita ya daɗe yana juya ragar a hannunsa, ya tsinci wani abu a jikinta ya duba a rana. Ya ɗaga kai ya kalli wajen zaure sau ɗaya. Sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri." Ya naɗe ragar a tsumma ya tafi.

Wata biyu na yi da wannan abu a ƙirjina. Ina jin Baba yana gaya wa abokan hirarsa a ƙofar gida cewa tsufa ya cinye Likita, kuma na san wasunsu a can suke kai motocinsu. In na ɗaga hannu bayan salla sai in rasa bakin roƙo. Da Babbar Sallah ta zo ina rabon nama, na ware cinya kamar kullum, Baba ya ce bana a bar ta. A nan na kasa. Washegari na nemi izinin maigidana zan kai nama Gangaren Tudu, na ɗauki cinyar na nufi garejin.

Na same shi a gindin mangwaro, mota ɗaya ce kacal a gabansa. Na durƙusa na fara magana, kuka ya ci ƙarfina. Ya tashi ya ɗauko wani gwangwanin madara ya buɗe. Ragar ce a wanke, kusa da ita ga wasu zaruruwa ruwan hoda. Ya ce tun ranar ya gane, Malam ba ya ɗaura ɗankwali. Ya yi mini bayani a hankali cewa ƙyalle yana tare tsakuwa ne kawai, amma ƙurar ƙarfe da toka da ruwan da ke cikin mataccen mai wucewa suke yi, kuma motar da ake tayarwa minti biyar ba ta ɗaukar zafin da zai kori ruwan, sai su cakuɗe su zama laka. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "'Yata, in Malam ya daina yarda da ni, makanikai sun cika gari. In ya daina yarda da ke, wa zai riƙa ɗiga masa magani a ido?"

Ina dawowa na wuce ɗakin Baba na faɗi komai, tun daga galan har zuwa wayar da bai buga ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya ce, "Da galan kika tambaye ni, da biyu zan ba ta. Amma kin bar ni na ci mutuncin mutum a ƙofar gidana." Ya sa hula ya ɗauki sanda, ya ƙi yarda ɗansa ya kai shi, ya taka da ƙafa har garejin. Ban san me suka ce wa juna ba. Na dai san da la'asar ya tara abokan hirarsa ya janye maganarsa, bai ambaci sunana ba, ya ce kuskuren daga gidansa ne.

Sai da aka shekara kafin a samu kayan injin. Da Baba Likita ya haɗa shi, ya ƙara masa filta ta gaske a gefe, yana dariya yana cewa yanzu motar ta samu nata ɗankwalin, a bar mini nawa. Kowa ya yi dariya, ni kuwa ƙasa na kalla, kuma har yau in na ji tashinta sai na ji kunya ta rufe ni.

'Yan uwana mata, dabarar kicin ta tsaya a kicin, baƙin man da aka juye ya gama aikinsa, kada a mayar da shi. Kada tausayi ya sa ku kyauta da abin da aka ba ku ajiya, ku tambaya, tambayar ba ta da nauyin da na ɗauka. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun yana naku ku kaɗai. Ni inji na lalata da rashin sani, an gyara shi. Amma wata biyun da bawan Allah nan ya yi yana zaune a gindin mangwaro da laifina a kansa, da sanina na bar shi, kuma su ba ni da yadda zan mayar masa. Ya ce ya yafe. Ina roƙon Allah Ya yafe mini Shi ma.