Ɗayyabu Mai Igiya Ya Koma Bakin Kogi

Kafin rana ta ɗaga, Malam Ɗayyabu ya riga ya ɗaure jarkokinsa a bayan keke, ya bar Toranke ya nufi mashigar kogi, inda ake fiton mutane da kwalekwale zuwa ƙauyukan tsallake. Yana isa zai sauke su, ya matsa kowace ya ji ko ta huje, ya ja igiyar da ya haɗa su bibbiyu da ita. Duk mai shiga jirgi sai ya rataya masa a ƙirji, don ko an faɗa ruwa kada a nutse. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, shi ya ɗora wa kansa.

Ni Hanne ban yi boko ba, amma ina da baki, kuma yau bakin nan murna yake yi, domin jiya Ɗayyabu ya koma bakin kogi bayan an kore shi! Ku tsaya ku ji.

Yana saurayi ya tafi Legas dako, daga can jirgin ruwa ya ɗauke shi. Ba irin kwalekwalenmu ba, jirgi mai girman unguwa guda. Bai dawo zama ba sai da furfura. Da ya dawo, majalisa ta cika ana tambayarsa ko shi yake tuƙawa.

Ya ce, "A'a. Kyaftin daban, matuƙi daban. Akwai masu inji a can ƙasa da ba sa ganin rana, akwai kuku. Ni mai igiya ne. In mun iso gaɓa ni nake ɗaure jirgi, in za mu tashi ni nake kwancewa."

Tukur, shugaban masu fito, ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Baba! Ka ƙare ƙuruciyarka a teku, ashe ɗauri kake? Ai ni ma kullum sai na ɗaure akuyata."

Abin da Ɗayyabu ya zo da shi daga teku shi ne ba a kwance igiya sai an duba nauyi, kuma kowa ya riƙe abin da zai ɗaga shi a ruwa. Da bai samu irin rigunan can masu hana nutsewa ba, ya bi masu sayar da mai yana roƙon tsofaffin jarkoki.

Bara da damina 'yata Afra'u ta shiga jirgi da goyo a baya. Ɗayyabu ya sa aka sauke buhunan gero, aka yi ta yi masa tsaki. A tsakiyar ruwa jirgin ya bugi kututture ya kife. Fatsuma mai ƙosai tana bakin gaɓa, ita ta gani da idonta: kawuna sun taso ɗaya bayan ɗaya, kowa rungume da jarka, ga tsohon nan ya faɗa ruwa da igiya a kugu yana jawo su. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Jikana yana nan, har ya fara tafiya.

To, wannan mutumin Tukur ya kora bana! Wai yana rage musu fasinja, yana ɓata musu lokaci. A gaban jama'a ya kira shi mahaukacin jarka, ya watsar masa da kaya. Bawan Allah ya tsince su, ya hau kekensa ya tafi gida.

Na same shi a zaure na ce, "Baban Zuhra, haka za ka zauna? Ga ruwa yana ƙaruwa!"

Ya ce, "Yaya Hanne, a jirgi in shugaba ya ce sauka, sauka ake yi."

Na ce, "Nan ba teku ba ne, kuma Tukur ba kyaftin ba ne. A gabana aka yi masa kaciya."

Jiya ranar kasuwa, muka haɗu mu tsofaffi, masu daddawa da masu ƙuliƙuli da masu kuka, muka baje tabarmi a bakin ruwa muka zauna. Tukur ya ce, "Iya, ku shigo mana, rana tana yi."

Na ce, "Ina mai igiya?"

Ya ce, "Ke Iya me za ki yi da jarka? Ai ruwa ma tsoronki yake ji."

Na ce, "Ruwa bai san ni ba, ɗan nan, kai ma bai san ka ba."

Maza suka zo suka gan mu, su ma suka sauke kaya. Jirgi ya yi ta rawa a gaɓa babu kowa a ciki. Da hantsi ya yi zafi, Tukur da kansa ya hau babur ya tafi Toranke. Da muka hango su, Ɗayyabu a baya jarkoki suna kaɗawa, wayyo, Fatsuma ta rangaɗa guɗa har ƙosanta ya ƙone! Shi ko kallonmu bai yi ba. Ya wuce ya kwance ɗaurin jirgin ya sake ɗaure shi, ya raba jarkoki. Na yi wuf na shiga ina taƙama. Ya dubi gefen jirgi, ya dube ni ya ce, "Yaya Hanne, nauyi ya yi yawa, sauko, ki jira na biyu." Ni da na dawo da shi! Na sauko ina dariya har da hawaye.

Kai ne Ɗayyabu, mai igiyar da ba ta san fuska ba. Na gode, Afra'u ta gode. Allah ya saka maka, da kai da abokan aikinka na teku, masu inji da kuku da masu igiya, waɗanda ba mu san sunansu ba.

Samarin Ajingi da Gaya, hannun tsohon nan ya fara rawa. Ku je ku tsuguna ku koyi ɗaurin nan tun yana iya nuna muku.

Kai kuma Tukur, ɗauko shi a babur bai wanke ka ba. A gaban jama'a ka kira shi mahaukaci, a gaban jama'a za ka ba shi haƙuri. Kasuwa mai zuwa ina bakin ruwa, kuma da tabarmata zan zo.