Fitilar da Inna ta ƙi

"Hamisu, cire mini wannan abu. Nan gida ne, ba asibiti ba."

Haka Inna ta tarbi fitilar da na rungumo a jirgin ƙasa daga Paris har Lyon. Tsohuwar fitilar lantarki ce irin ta neyon, ta shekarun 1950, doguwa siririya, da murfin ƙarfe don kada haske ya soki ido. A kasuwar tsofaffin kaya na samo ta, na canza mata waya da hannuna.

Tun da Inna ta zo daga Maradi ta daina ɗinkin hula. Wai gajiya ce, amma na ga yadda take ɓoye allura idan zare ya ƙi shiga.

Na ce, "Inna, minti biyar kawai. In ba ta yi miki ba, da kaina zan fitar da ita."

Na kunna. Ta ƙyafta sau biyu, haske ya bazu kan tebur, babu inuwa. Inna ta gwada, zare ya shige nan take. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Miƙo mini shuɗin zaren nan."

Wanda ya ƙera fitilar nan ya san ido yana tsufa. Ku fa, wane tsohon abu ne ya fi sabo aiki a gidanku?