Liman a Kan Layin Alli

Ta tagar ofishin kati na wani asibiti a Anka, Jibrin akawu yana kallon wani tsoho da bai taɓa gani ba. Dogo ne siriri, rawaninsa fari fat, ya jera takalmansa a gefe kamar a ƙofar masallaci. Ma'aikaciyar jinya ta ja masa layi da alli a baranda, yana bi a hankali, diddige gaban yatsa, yana karatu da ka. Ta ce haɗa tafiya da tunani kullum kan taimaka wa mai fama da mantuwa.

Ɗansa na zaune a benci tare da wani dattijon unguwa, ba mai ƙifta ido. Jibrin ya ji dattijon na cewa sau biyu ke nan Liman yana kakarewa a sallar magariba. Ga alama, abin da suka gani yau shi zai yanke wanda zai ja salla gobe.

A tsakiyar layi karatun ya tsaya. Ƙafar ma ta tsaya a sama, tana rawa. Jibrin ya san ayar da ke biye, har ta zo masa baki.

"Baba..." in ji ɗan.

"Kak ka tuna mani, Naziru," in ji tsohon, bai waiwayo ba. "Shekara talatin ni ka gyara ma mutane."

Tsohon ya sauke ƙafar, ya juya, ya koma farkon layi da farkon sura. Dattijon ya gyara zama. Jibrin ya ajiye biro. Masu jiran kati sai dai su jira.